Jan Zare a Wuyan Kwalba

Shekara ashirin da biyu Inna tana wanke kwalaben ɗakin bincike, waɗanda ake renon ƙwayoyin halitta a cikinsu. Ba ta yi boko ba, amma idonta ya san kwalbar da cikinta ya karce, inda sabulu ke maƙalewa ya kashe abin reno. Irin wannan takan ɗaura mata jan zare a wuya, ta ware.

Da ƙwayoyin da wani sabon likita yake reno suka mutu, sai aka miƙa mata takardar sallama, wai ba ta ɗauraye kwalaben da kyau.

Ta ɗauko kwandon shara ta juye a teburin shugaba. Ga guntayen jan zare birjik.

"Ranka ya daɗe, tambayi yaron nan, wa ya yanke?"

Likitan ya ce, "Ni ne. Na ɗauka camfin tsofaffi ne."

"Camfin gidanku! Ka kwashi kwalaben da na ware, sannan ka ce min ƙazama?"

Shugaba ya yaga takardar, ya ce ta koma aiki.

"Ba inda za ni. Gaban mutane yaron nan ya zage ni, gabansu zai janye."

Ta ja kujerar likitan ta zauna.