Iskar da Ba Ta Hau Zalihatu Ba

A shekarun da kumandan, Bafaranshen da ke mulkin Dogon Dutsi, ke jin tari ya ce tawaye ne, aka kama Buba mijin Zalihatu a hayin iyaka, can ƙasar Ingilishi, da igiyar wata jar saniya a hannunsa. Sayenta ya yi a kasuwa, rana tsaka, a wurin wani dillali mai suna Issa. Da mai saniyar na asali ya ɓullo ya ce sace masa aka yi, sai Issa ya dafa ƙasa ya rantse bai taɓa ganin Buba ba. Aka kulle Buba, aka ce Bature joji zai zauna kan maganarsa bayan ƙaramar Salla. Zalihatu tana tsaye a wurin ranar cinikin, da idonta ta ga Issa ya miƙa igiyar, kuma ban da ita Buba ba shi da wani shaida.

Ta je sau ɗaya ta ga kamun ludayin kotun. Ta yi bayani tun daga fitowarsu daga ruga har zuwa musafahar ciniki, tafinta ya juya ya yi wa Bature magana wadda ba ta kai tsawon atishawa ba. A bakin ƙofa wata mai ƙosai ta raɗa mata cewa tafintan surukin Issa ne. An ba kura ajiyar nama ke nan. Zalihatu ta dawo rugarsu da ke bayan dutse zuciyarta na tafasa, ta rantse ranar shari'a babu bakin da zai shiga tsakaninta da kunnen joji.

Mutum ɗaya ne a dangin ya san Turancin Ingilishi, Tukur kawun Buba. Ya yi wa Ingilishi soja tun yana da ƙarfi, ya dawo da ɗingishi, ya binne zancen don kada Faransawa su ji. Ta same shi yana tufka a inuwar gawo, ta durƙusa ta faɗi buƙatarta.

"Ɗiyata, harshen Nasara ba hura ba ne da za a dama a sha yau," in ji shi.

"Kawu, ni ban ce a koya min shi duka ba. Abin da ni gani da idona, shi kaɗai nika so in hwaɗi."

Ya tsinto duwatsu uku ya jera a ƙasa. Ya ce maganar Ingilishi kamar murhu take. Dutsen farko mai yin abin, na biyu abin da ya yi, na uku wanda aka yi wa. Issa, sayarwa, saniya: "Issa sel kau." Ya ce wannan "ya" da "ta" da muke liƙa wa kowane aiki bayan mun riga mun ambaci sunan mutum, su ba ruwansu da ita, a bar ta gida. In za a musa abu kuwa, mu kan kafa "ba" gaba da baya, su guda ɗaya tak suke sawa kafin aikin: "Buba no tif kau." Ya ɗauke dutsen farko ya sa wani, ya ɗauke na uku ya sa kashin raƙumi, ya nuna mata cewa muddin jerin bai rushe ba, sai ta sauya abin da ta ga dama, maganar na tsaye. Zalihatu mace ce mai kai. Kafin azumi ya raba tsakiya tana iya cewa ta ga Issa, ta ga saniya, Issa ya riƙe igiya, Buba ya karɓi igiya.

Sai dai Kawu Tukur a filin fareti ya koyi Turancinsa, bai taɓa jin an yi shi a zaune ba. A ganinsa tsayuwar ma cikin harshen take. Ya koya mata ta haɗe diddige, ta turo ƙirji, ta buga ƙafa, ta kai hannu goshi, sannan ta saki maganar da ƙarfi kamar mai kiran shanu daga nesa.

"In kin yi ta da sanyi, sai shi ɗauka ƙarya kika yi," in ji shi.

Ita kuwa ba ta taɓa jin wani Turancin ba balle ta gwada. Yadda aka ba ta haka ta karɓa.

A lokacin nan babu abin da ke hana kumandan sakat kamar Babule, iskokin nan da ke hawan mutum su sa shi tafiyar soja yana yaren Nasara. Inda duk suka sauka, samari kan ƙi aikin tilas, su ƙi jin kiran hakimi. Saboda haka aka yi shela, wanda ya ga alamarsu bai faɗa ba, shi ma ya shiga ciki.

Wata ranar kasuwa Zalihatu ta sayar da nononta da wuri, ta zaga bayan rumfuna inda ba kowa, ta ajiye ƙwarya, ta haɗe diddige ta fara bita. Balki mai saƙar tabarma, wadda ta yi shekara da shekaru tana sayen man shanu a hannunta, ta zagayo neman akuyarta. Ta ga Bafulatana tsaye ƙiƙam, hannu a goshi, tana buga ƙafa tana yi wa wata bishiyar kuka tsawa da wani harshe. Da a ce Balki ta matso ta ce, "Ke lahiya?" da magana ta ƙare a nan. Ina. Ta kwashi zane ta yi cikin kasuwa, kafin ta kai rumfar mahauta labarin ya riga ta isa. Zalihatu da ko garayar bori ta ji sai ta sauya hanya, Zalihatu da ke ɗauke da azumi a bakinta, ita ce wai Babule suka hau.

Gardi biyu, dogaran Nasara, suka tasa ta gaba har barikin kumandan. A nan ma ga Bature a kujera, ga tafinta a tsaye gefensa. Ta yi bayani da Hausa, ta ce Turanci take koyo don ta fid da mijinta. Tafinta ya juya mata tambayar kumandan: in gaskiya ne, ta yi a ji. Baiwar Allah ta ga dama ta samu. Ta haɗe diddige, ta buga ƙafa, ta kai hannu goshi, ta jera maganarta tsaf, ba dutsen da ya goce. Kumandan bai san ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba. Abin da ya gani shi ne mace na sara masa tana ihu, kuma irin wannan ne ya sa aka yi shela. Gardawan ma sai da suka ja da baya.

Ta ce a kira Tukur, shi ya koya mata. Aka kawo shi yana jan ƙafa. Tsohon ya dubi kumandan, ya dubi bulalar da ke hannun gardi, ya tuna abin da ake yi wa wanda aka ce ɗan leƙen asirin Ingilishi ne.

"Ranka shi daɗe, ni makiyayi ne. Ban san mi taka hwaɗi ba."

"Kawu, ɗan ƙanwarka na can ɗaure," in ji Zalihatu. "Dube ni ka sake hwaɗi."

Bai dube ta ba. Mutumin da ya yi wata yana koya mata ta turo ƙirji a gaban Bature, ga shi nasa ƙirjin ya kusa taɓa gwiwa. Tsoro halitta ne, ba wanda ya musa, amma a ce kawu guda ya sa yarinya a gaba sannan ya zame, wannan abin kunya ne, ko a gaban wa za a faɗa.

Aka sa ta kaso, ɗakin kurkukun bariki, aka ce sai iskar ta sauka. Yaya abin da bai hau ba zai sauka? Kullum gardi ya leƙo ya tambaya ko ta dawo hayyacinta, ta ce ba ta taɓa barinsa ba, ya ce to da saura. Daga cikin ɗakin ta ji gangunan Salla. Ta roƙi a bar ta ta je kotu ta dawo, ta ce a haɗa ta da gardi, a ɗaure ta da igiya in ana so, aka ce ai iskar ce ke neman hanyar gudu. Sai da wata ya yi nisa, da ta gaji ta ce musu e, ta sauka, sannan aka buɗe mata ƙofa.

Washegarin dawowarta ruga sai ga Balki da baƙar kaza a hammata. Ta durƙusa nesa kaɗan, wai an ɗauke ɗanta aikin hanya, tana so a tambayar mata Babule ko zai dawo. Zalihatu ta dube ta har kazar ta fara mutsu-mutsu.

"Tashi ki tahi, Balki. Wanda zai gaya miki, ni ma shi nika nema."

Da la'asar tana ɗaure kayan tafiya wani mai koren shanu ya iso daga hayi, ya yi sallama ya ƙi zama. Ya ce an yi shari'a tun kwanan baya. An kira shaida har joji ya gaji, ba wanda ya amsa, aka yanke wa Buba shekaru, aka wuce da shi babban kurkuku a ƙafa. Ya ce ya gan shi a bakin hanya cikin jerin ɗaurarru, har ya ba shi saƙo.

"Mi ya ce?" in ji Zalihatu.

Mutumin ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

"Ya ce in tambaye ki, mi ya yi miki da kinka ƙi zowa."