Gidan Hayar Malam Burahima

Malam Burahima ya yi shekara arba'in yana ɗinki a Gure, sai da idanunsa suka daina ganin kafar allura sannan ya ajiye keke. Abin da ya rage masa gida biyu ne: wanda yake ciki da matarsa Habsu da jikoki, da wani ƙarami a bayan tasha da ya ba da haya. Da kuɗin hayar nan ake cefane.

Mai hayar kuwa Aisami ne, mutumin Gidigir, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar sauran malaman. Shekara tara yana ciki da matarsa Mardiya, ƴaƴansu uku duk a nan aka yanke musu cibi. Ba a taɓa jin kansu da mai gida ba.

Bana abubuwa suka cakuɗe wa tsohon. Tiyar hatsi ta yi tashin da bai taɓa gani ba, damina ta kayar da katangar gidansa ta gabas, ga takardar lampo, wato haraji, ta iso. Ana cikin haka ɗan ƙanwarsa Ɗan Talata ya zo masa da labari: wani ma'aikaci da aka turo daga Damagaram yana neman gida, zai biya ninkin abin da Mushe ke biya.

"Kawu, gidanka ne," in ji shi. "Kai ma baki nawa kake ciyarwa?"

Zuwan Malam Burahima gidan hayar na farko Mardiya ta kawo masa fura, ya sha, ya tambayi lafiyar yara, ya tashi. Na biyu ya tarar da Aisami bisa soro yana gyaran indararo da hannunsa, sai ya yi masa sannu da aiki ya wuce. A na uku, bayan la'asar, ya zauna a zaure ya faɗi abin da ya kawo shi, cewa yana so su tashi ya ba wani gidan, kansa a sunkuye.



"Baba, ni ma wata biyu ina neman bakin da zan yi maka magana," in ji Aisami. "Albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. Ga haya, ga ruwa, ga wuta, ga hatsi. Na yanke shawara Mardiya da yara su koma Gidigir wajen tsofaffina, can akwai rumbu, akwai awaki. Kunyarka ce ta hana ni faɗa."

"Kai fa, Mushe? Ina za ka zauna?"

"Ko'ina. Tabarma ɗaya ce."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi ɗan shagon da ke jikin zauren, inda a da yake ajiye yadi.

"Ga wannan. Baƙon ya shiga ciki, kai ka riƙe nan. Kada ka yi mini maganar kuɗi."

Aisami ya so ya yi gardama, tsohon ya ɗaga masa hannu.

Ranar tafiya Mardiya ta biyo yi musu sallama. Ta durƙusa ta nemi gafara, ta bar wa Habsu kajinta biyu, wai babu wuri a mota. Babbar ƴarsu, wadda za a cire daga lakwal ɗin gari a tsakiyar shekara, ta tsaya bakin ƙofa rungume da jakarta, ta ƙi shigowa. Malam Burahima ya miƙa mata dabino, ta karɓa ba ta dube shi ba. Wannan ya tsaya masa a rai kwana da kwanaki.

Baƙon ya tare, aka ta da katanga, aka biya lampo. Daga nan in Habsu ta kwashe tuwo takan zuba kwano guda daban. Tsohon da kansa yake dogara sanda ya kai shi bayan tasha, su zauna da Mushe a bakin shago har a kira magariba.