Ranar da Nolitha Ta Taka Garke

Ga wata nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

A wani ƙauye kusa da Cofimvaba a Afirka ta Kudu, Nolitha ce ke riƙe da gida. Mijinta Vuyani yana can Rustenburg wurin haƙar ma'adinai, sai Kirsimeti yake leƙowa. Ya bar mata yara uku, ƙaramar tana goye, ga mahaifinsa Baba Zwelibanzi da ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke ba shi kunun masara a baki, ita ke wanke shimfiɗarsa kafin ta shirya yara makaranta. A al'adarsu kuwa, matar ɗa ba ta taka garken shanun gidan miji, wurin kakanni ne.

Ran nan tsohon ya ja jiki zuwa ganin garkensa, santsi ya kwashe shi, ya faɗi rub da ciki, ga shanu na dawowa daga kiwo. Nolitha ta faɗa garken da goyonta, ta jawo shi waje.

Labari ya kai wa Thandeka, yayar mijin, wadda tun da ciwon ya fara ba ta leƙo ba. Sai ga ta daga birni da takalmi mai tsini, ta tara dattawa.

"Ta ɓata mana gida," in ji ta. "Ta koma gidan ubanta, kada ta dawo sai da akuyar ban haƙuri."

"Yaya, da sai in bari shanu su tattake shi?"

"Ji bakinta. Da kin kira maza mana."

"Waɗanne mazan? Na Rustenburg?"

Cikin dattawan ko mutum ɗaya bai tsaya wa Nolitha ba. Tsohon yana ta motsa baki, magana ta ƙi fita.

Nolitha ta miƙe, ta gyara zanin goyonta. "Na ji, zan tafi. Ga Baba nan. A riƙa juya shi, kada bayansa ya yi gyambo. Yanzu haka ma ya ɓata wandonsa. Ruwa na kan wuta, Yaya."

Ta kwashi 'ya'yanta ta tafi.

Thandeka ba ta jima ba ta tsere birni. Dattawan nan da ƙafarsu suka je biko, ba mai ta da zancen akuya. Nolitha ta dawo ta tarar bayan tsohon ya ruɓe, ta yi jinyarsa har ya cika. A wurin jana'iza Thandeka ta fi kowa kuka. Vuyani yana can bakin aikinsa, yara suna makaranta, ita kuwa Nolitha yanzu goggon mijinta da ta makance aka kawo mata.