Noti Takwas

Magana ta zaga Samaru cewa waldar Tochukwu ce ta kashe min 'ya. Wai tukunyar da ya haɗa mata ce ta fashe. Har a taron zumuntar mata aka faɗa, ana dafa min kafaɗa.

Shekara talatin na koyar da kimiyya a sakandare, ba na karɓar magana don kawai bakuna sun yi yawa a kanta. 'Yata Clementina kuma ba ta wasa da aikinta. Takan zuba ɓuntun shinkafa da ruɓaɓɓen tumatir na kasuwa cikin tukunyar ƙarfe, ta ƙara ruwa, ta ɗaure murfi, ta ba shi wuta har ya ninka zafin tafasa. Matsi ke hana ruwan zama tururi. In ya huce, sai ga gawayi. Da shi take son ta kammala digirinta na biyu.

Sati uku bayan biso na hau keke zuwa Chikaji. Shagon Tochukwu ba kowa sai shi. Masu kawo aiki sun janye.

"Mama, da kin aiko na zo."

"Ƙafata ba ta mutu ba. Ina tukunyar?"

Ya janye buhun da ya rufe ta. Na sa tabarau, na bi layin waldar da yatsa, sau biyu. Ko tsaga babu. Ƙarfen da ya fashe yagewa yake, wannan kuwa lafiyarsa lau. Noti takwas ne ke riƙe murfin. Uku sun tsinke, biyar na jere a kan benci, yadda Clementina take jera cokula tun tana ƙarama.

"Wa ya kwance waɗannan?"

Ya ce bai sani ba.

"Tochukwu, na kori manyan maƙaryata daga aji. Kai ko iyawa ba ka yi ba."

"Ita ce, Mama. Na ce allurar ma'aunin matsi ba ta kai ƙasa ba, ta ba shi awa biyu. Ta ce ba ta da awa biyu."

"Me ya kore ta?"

"An kira ta a waya. Sau uku." Bai ɗago kai ba. "Gara su ce ni ne."

Ranar Talata ce abin ya faru. Ina da ganin likitan ido, ita za ta kai ni, layi kuma ba ya jira. A kira na uku na ce mata, kullum ruwan zafinki ya fi uwarki. Ta yi dariya, ta ce, gani nan, Mama, bari in kwashe.

Na ciro wayata na duba. Kirana na uku yana nan, ƙarfe biyu da minti huɗu.

Ran Lahadi, bayan sanarwa, na miƙe a gaban ikilisiya na faɗa musu. Tukunyar ba ta fashe ba. Clementina ce ta buɗe ta da zafinta, domin ni na ce ta yi sauri.