Shidan da Auta Ta Riƙe

Tun ranar da babban wansu ya kwashe kayansa ya tare a gidansa, Yaya ta ɗora ido a kan ɗakin da ya bari. Ta gaji da kwana ɗaki ɗaya da Auta, yarinyar da ke surutu har cikin barci. Baba ya ce ba ya son rigima, a raba gardama da karta, wanda ya ci, ɗakin nasa ne.

Wasan gidansu ba shi da wuya. Bakwai ake fara ajiyewa a tsakiyar tebur, sai a bi ta da takwas a hau sama, ko da shida a gangara, kowane iri a layinsa. Wanda ba shi da ta ajiyewa ya ce ya wuce. Wanda ya fara zubar da duk kartar hannunsa shi ya ci. Dabarar kuwa ita ce ka riƙe kartar da wani ke jira muddin kana da wata da za ka jefa.

Yaya na da biyar, huɗu da uku masu hoton zuciya, amma shida ta ƙi fitowa. Zagaye bayan zagaye tana cewa ta wuce, ranta na ƙuna. Ta kalli Mama.

"Ni kada ki harare ni, ba ta wurina," in ji Mama.

Baba kuwa hankalinsa rabi na kan rediyon da ya kwance a cinyarsa, sai an taɓa shi yake jefa kati. Saura Auta ke nan, ta ƙanƙame karta a ƙirji kamar za a ƙwace.

"Ke Auta, don Allah saki shidan nan! Ke ma fa kin toshe kanki."

"Ban ga dama ba."

Ana cikin haka Baba ya ajiye katinsa na ƙarshe, ya duba hannunsa wayam.

"Af, na ci ke nan? Madalla, dama fankokin nan da suka mutu ba su da wurin zama."

Takaici ya ishi Yaya. Ta fizge kartar Auta, ga shida, ga biyu na zuciya a bayanta.

"Wace irin wauta ce wannan? Kin hana ni, ke ma ba ki samu ba!"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta.

"Ni dama ba ɗakin nake so ba, Yaya. Ban iya kwana ni kaɗai ba."