Kunnen Baba Zayyanu da Yoyon Ulaisha

Ran Laraba mudir, wato manajan benen, ya tsaya a tsakiyar falon ƙasa, ya nuna bangon da ya jiƙe ya kumbura, sannan ya nuna ni.

"Ya Moussa, Asabar za a fasa tayil ɗin nan. In aikinka ne ke yoyo, halas, huruj."

Huruj kuwa babu wanda bai san ma'anarsa ba a Riyad: a soke iƙamarka, takardar izinin zama, a kai ka filin jirgi. Ni na shimfiɗa sababbin bututun benen nan na unguwar Ulaisha wata huɗu da suka wuce, kuma na yarda da hannuna. Amma injiniyan da aka ɗauko da na'urarsa ta sauraron yoyo mai tsada ya yi ta zagaye yini guda bai gano komai ba, sai ya ce ai laifin mai gyaran famfo ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ban shirya komawa Maraɗi hannu rabbana ba.

A unguwar Batha na haɗu da Baba Zayyanu wajen mai shayi. Tsohon sojan ruwan Najeriya ne, mutumin Birnin Kebbi, yanzu direban wani gida. Kullum muna tsokanarsa da cewa ya bar teku ya zo tuƙa jirgi a kan rairayi. Ya saurare ni yana kallon bakina, sannan ya tambaya, "Lokacin da injiniyan ke saurare, mukayyif masu sanyaya ɗakuna na aiki?"

"Duka goma sha biyu, Baba. Ga injin turo ruwa."

"To kansa ya yini yana ji."

Daga nan ya shiga labarin da muka saba gudu. A samartakarsa an tura shi kwas Amurka, ya yi makonni cikin wani jirgin yaƙi irin waɗanda ake kira Spruance. Guda talatin da ɗaya aka ƙera, don farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Da suka fito mutane sun yi ta dariya, wai ga girma ga ƙarancin bindigogi.

"Ba su gane ba, ɗana. Makaminsa kunne ne. Injinansa an ɗora su kan matasan da ke shanye girgiza. Yana fesa kumfa ta jikinsa don ta rufe ƙararsa. Daga baya ma aka ɗaura masa doguwar igiyar sauraro yana ja a baya, nesa da hayaniyarsa. Maƙeran sun san wanda bai yi shiru ba ba ya jin kowa."

A karon farko ban ce zan je sayen katin waya don in sulale ba.

Ran Juma'a da hantsi, lokacin da titunan Ulaisha suke fayau, ya zo da rodi mai tsawon kamu biyu da guntun alli. Na bi ƙofa ƙofa ina roƙon mazauna benen su ba mu minti ashirin. Wata tsohuwa ta zage ni tas da Larabci, amma ta kashe firjinta. Muka kashe mukayyif, muka kashe injin, muka bar ruwan tankin sama yana danna bututu. Ban taɓa sanin gini na da numfashi ba sai da ya ɗauke shi.

Baba ya miƙo mini rodin.

"Ku ne gwanin, Baba."

"Kunnuwana sun yi ritaya kafin ni. Bakinka nake karantawa tun ranar da na san ka. Ɗora ƙarfen a ƙasa, ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnenka. Kuma ka daina surutu a cikinka, ina ganinsa a fuskarka."

Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Can sai ga wani siririn sauti kamar an zuba ruwa a kaskon da ya fara hucewa. Na matsa taku uku, ya ragu. Na dawo, ya ƙaru. Baba na biye da ni yana jan layi da alli ta inda na nuna. Daga kusurwa uku muka saurara, kamar yadda ya ce jirgi ke sauya wuri don ya tabbatar. Layukan suka haɗu a kan tayil guda, kusa da ƙofar kicin.

Na ƙura wa tayil ɗin ido. Daidai nan na haɗa sabon bututuna da tsohon na gidan.

Baba ya gane. Ya ce, "Allin na hannuna, amma kunnen naka ne. Ina zan sa alama?"

Zan iya cewa ban tabbata ba. Na tuna yadda na goge bakin bututun nan, na shafa gam, na riƙe har ya kama. Na ce, "Nan."

Asabar da safe mudir ya zo da leburori uku da injin fasa ƙasa. Na ce masa tayil ɗaya ya isa, kuma ni zan fasa. Ya kalle ni kamar na sha wani abu. Na ɗaga guduma. Siminti ya buɗe, laka ta bayyana, na sa hannu na share. Mahaɗata a bushe take ƙamas. Taƙi ɗaya daga gare ta, tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye yana fesa ruwa siriri kamar zare.

Mudir ya duƙa ya duba ya daɗe. "Wa ya nuna maka wurin?"

"Sojan ruwa."

Da yamma na kai wa Baba labari a Batha. Na tambaye shi ina jiragen nan suke yanzu. Ya ce yawancinsu an nutsar da su wajen gwajin makamai, da sauran ƙarfinsu. Na ce ba duka ba, ɗaya na nan yana shan shayi. Bai ji ba, don ya sunkuya kan kofinsa. Na taɓa kafaɗarsa har ya ɗago ya kalli bakina, sannan na sake faɗa a hankali.