Tekun Malam Luka

Malam Luka bai taɓa ganin teku ba, amma tun da 'yarsa Patience ta turo masa bidiyon ƙasan teku daga Mombasa, inda take karatu, ya zama gwanin ciyawar teku a duk Hayin Banki. Ko gaishe shi ka yi, sai ka ji yadda ciyawar ke shimfiɗe a ƙasan ruwa kamar tabarma, ta karya ƙarfin igiyar ruwa, ruwa ya lafa, laka ta kwanta.

Matarsa Rifkatu ba wannan ne a gabanta ba. Ranar Laraba zumuntar matan coci za su yi taro a gidanta, karo na farko tun da aka zaɓe ta mataimakiyar shugaba, ga ciyawa ta cika lambatun ƙofar gida har gwiwa. Ta miƙa masa lauje. Malam, da ƙugunsa ba ya shiri da sunkuyo, ya gyara tabarau ya ce ai wannan ciyawar aikin ta teku take yi, in aka yanke ta ruwan sama zai zo a guje ya cinye gindin katanga. Har maƙwabcinsu Tijjani ya kira ya nuna masa bidiyon. Tijjani ya gyaɗa kai, don shi ma tasa ciyawar tana jiransa.

Rifkatu ta san lalaci ko da ya sa tabarau. Ta mayar da laujen ɗaki, ranta a ɓace.

Laraba da hantsi aka tsuge da ruwa. Ya gangaro ja wur daga saman unguwa, ya shiga ciyawar, ya lafa. Katanga ko gezau. Laka kuwa ta kwanta yadda Malam ya faɗa, tun daga lambatu har dokin ƙofa.

Da la'asar mata suka iso cikin anko, suna tattare zane. Shugabarsu, Mama Ruth, ta taka, ƙafa ta fito, takalmi bai fito ba. Kunya ta rufe Rifkatu. Malam kuwa murna ta hana shi gani, ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, yana cewa daidai da Mombasa.

Rifkatu ta karɓi wayar a hankali.

"Baban Patience, tun da tekunka ne, shiga ka lalubo takalmin Mama."

Ya naɗe wando, ya sunkuya a gaban matan duka, ita tana ɗauka don ta tura wa Patience. A bayan katanga ana jin Tijjani yana wasa laujensa.